Tsufan ƙwaƙwalwa: Daga binciken Jos zuwa teburin ma'aikacin Abuja

A shekarar 2006 wasu likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dokta B. Ochayi da Dokta Tom Thacher, suka wallafa sakamakon wani bincike da suka gudanar a kan dattawa 280 masu shekara 65 zuwa sama a cikin garin Jos. Sun yi musu tambayoyin gwada tunani, sun auna nauyinsu da tsawonsu, sun kuma auna jininsu. Abin da suke nema shi ne larurar da Bahaushe ke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa, wadda likitoci ke kira dimenshiya: mutum ya manta ko ya karya kumallo, ya ɓace a layin gidansa, ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Sun same ta a jikin kashi 6.4 cikin 100 na waɗanda suka duba, wato mutum 18.

Wannan adadi ya zarce abin da aka saba ji daga Najeriya. Tun 1992 masana na Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Jami'ar Indiana ke bin tsofaffin unguwar Idikan suna kwatanta su da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka. A 1995 suka ba da rahoton cewa kashi 2.29 ne kacal na tsofaffin Ibadan ke da cutar, alhali a Indianapolis ta kai kashi 8.24. Wani binciken da aka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya sami kashi 2.79. Hanyoyin tantancewar ba iri ɗaya ba ne, don haka ba daidai ba ne a jera lambobin a ce Jos ta ninka Ibadan. Abin da suka haɗu a kai shi ne cutar tana nan a gidajenmu, ba ta Turawa kaɗai ba ce kamar yadda aka daɗe ana zato.

Waɗanda cutar ta fi kamawa a Jos su ne suka fi adadin ɗaukar hankali. Mata sun fi maza nesa ba kusa ba. Ramammu, waɗanda nauyinsu ya gaza abin da ya dace da tsawonsu, sun fi sauran shiga haɗari har ninki uku da rabi. Kowace shekara da ta hau kan mutum tana ƙara masa kaso. Hawan jini kuwa, wanda kowane likita zai fara zargi, bai fito a lissafin ƙarshe ba. Mai karatu cikin gaggawa zai iya cewa ashe hawan jini ba ruwansa da ƙwaƙwalwa, ashe ƙiba ma garkuwa ce. Warwarar wannan ruɗani ta zo ne bayan shekara 12, daga wuri mai nisa da Filato, kuma daga jikin mutanen da aikinsu ɗaya ne da na masu karanta wannan shafi: ma'aikatan gwamnati.

Jos dai ba baƙon gari ba ne ga ma'aikacin tarayya. Tun 1979 Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa da ke Kuru ke karɓar daraktoci da manyan hafsoshi da kwamishinonin 'yan sanda, mutanen da shekarunsu ke kewayen hamsin, su yi kusan wata goma suna nazarin lafiyar ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda suka hau Hawan Kibo suka ji sanyin garin, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, sun sayi fili a Rayfield ko Bukuru da niyyar nan za su ajiye sanda in aiki ya ƙare. Irin ƙwaƙwalwar da mutum zai kai wannan gida ita ce maganarmu.

Fayil ɗin ma'aikatan Landan

Whitehall sunan titin da ma'aikatun gwamnatin Birtaniya suke ne a Landan, kamar a ce Sakatariyar Tarayya a nan Abuja. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikata maza kimanin 18,000 a can, kuma sakamakon ya rushe zancen cewa ciwon zuciya cutar manya ce: masinjoji da masu tsaron ƙofa sun ninka manyan jami'ai uku wajen yawan mutuwa. A 1985 Farfesa Michael Marmot ya buɗe zagaye na biyu da ma'aikata 10,308, maza da mata, masu shekara 35 zuwa 55. Lokaci zuwa lokaci ana kiran su a auna jini, a gwada tunani, a tambaye su yadda suke barci. Darajar aikin ke nan: an san yadda mutum yake tun yana ɗan arba'in da lafiyarsa, kafin a ga yadda ya ƙare a saba'in da tamanin. Likitocin Jos hoto ɗaya suka ɗauka a rana ɗaya. Na Landan sun fi shekara talatin suna kallon mutane ɗaya.

A 2012 Farfesa Archana Singh-Manoux da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin tunani na sama da mutum 7,000 daga cikin waɗannan ma'aikata. Ƙarfin warware matsala ya fara raguwa tun a tsakanin masu shekara 45 zuwa 49, da kashi 3.6 cikin 100 a shekara goma. Ga maza masu 65 zuwa 70 raguwar ta kai kashi 9.6. Saurin tuno abu da saurin kawo kalma su ma sun ja baya. Abu ɗaya ne ya ƙi raguwa, wato tarin kalmomin da mutum ya sani. Duk wanda ya zauna a ofis ya ga wannan da idonsa: daraktan da sabuwar manhajar kwamfuta ke ba shi wahala, shi ne zai duba takarda sau ɗaya ya nuna sakin layin da zai jawo wa ma'aikata tuhumar masu binciken kuɗi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan ɗan jinkiri ba cuta ba ne, tsufa ne na kowa.

Sababbin bincike sun sake nuna yatsa ga waɗannan shekaru. A 2024 masana na Jami'ar Stanford, da suka bi sinadaran jikin mutum 108, sun ce tsufa na yin tsalle sau biyu, a kusan shekara 44 da kuma 60. Mutum 108 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Wanda ya fi nauyi shi ne na Jami'ar Stony Brook a 2025, da ya duba hotunan ƙwaƙwalwar sama da mutum 19,000, ya ga alamun farko na lalacewar sadarwa tsakanin sassanta a kusan shekara 44, gudun ya fi tsananta a kusan 67.

Lambar sama, a shekara hamsin

A 2018 binciken Whitehall ya fito da amsar tambayar da Jos ta bari. Cikin ma'aikata 8,639, waɗanda lambar sama ta awon jininsu ta kai 130 ko fiye a lokacin da suke da shekara 50, sun fi sauran kamuwa da gigin tsufa da kashi 45 cikin 100. Awon da aka yi wa mutanen nan a shekara 60 da 70 bai nuna wannan alaƙa ba. Ma'ana, ɓarnar tana aukuwa ne tun da wuri, ta kuma taru a hankali. Idan aka jira sai mutum ya kai saba'in sannan aka ɗaura masa na'ura a hannu, kamar yadda ya zama dole a Jos, ba za a ga sawun ɓarawon ba, domin jinin mai gigin tsufa yakan sauka da kansa. Haka batun rama yake. Masu binciken Whitehall sun ga cewa ƙiba a shekara 50 haɗari ce, amma nauyin mutum yakan fara zubewa shekaru kafin a gane yana da cutar. Tsohuwar da ta rame tana iya zama wadda yunwa ta raunana, tana kuma iya zama wadda cutar ta riga ta sa ta manta da abinci.

Lura da lambar: 130. Ma'aikata da yawa za su ga 135 a fuskar na'ura su ce alhamdulillahi, lafiya lau.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi biyu cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka. Ana kai mata wannan abinci ta ƙananan jijiyoyi da suka fi gashi siranta. Idan jini ya yi shekaru yana dukan bangonsu da ƙarfi, sai su yi kauri, su ƙuntata, wasu su toshe. Kowace toshewa tana kashe ɗan gurbi ba tare da mutum ya faɗi ko bakinsa ya karkace ba. Sai an sa shi a na'urar MRI ake ganin tabon fari-fari. Masu binciken Ibadan da Indianapolis ma, da suka nemi dalilin tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu, sun nuna cewa cututtukan jijiyoyin jini da yawan kitse a jini sun yi ƙaranci a tsakanin tsofaffin Idikan. A nan ya kamata ma'aikacin Abuja ya tambayi kansa wa ya fi kama da shi: tsohon Idikan na 1992 mai zuwa kasuwa a ƙafa, ko mazaunin Indianapolis mai fita daga mota ya zauna a kujera, ya tashi daga kujera ya shiga mota.

Alaƙa daban, hujja daban. Hujjar cewa sauke jini yana kare ƙwaƙwalwa ta zo ne daga gwaje-gwaje biyu. A Amurka, gwajin SPRINT MIND na 2019 ya nuna cewa matsa wa lambar sama ta sauka ƙasa da 120 ya rage matakin farko na raunin tunani da kashi 19. Wanda ya fi dacewa da halinmu shi ne na karkarar China, da mujallar Nature Medicine ta wallafa a 2025. An ɗauki mutum kusan 34,000 masu hawan jini a ƙauyuka 326. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su riƙa ba da magani kyauta ko da rangwame, su raba na'urar awo ta gida, su bi mutane har jininsu ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Bayan shekara huɗu, gigin tsufa ya ragu da kashi 15 a waɗannan ƙauyuka. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin aikin. Tsofaffin ƙwayoyi ne irin waɗanda ke kan kantar kowane kemis a Wuse ko Terminus.

Mu kuwa ina muke? Binciken da Farfesa Augustine Odili na Jami'ar Abuja ya jagoranta a shiyyoyin ƙasar nan shida, aka wallafa a 2020, ya sami hawan jini a kashi 38 na manya. Kimanin kashi 60 daga cikinsu ne suka san suna da shi, kashi ɗaya bisa uku ke shan magani, kashi 12 kacal ne jinin nasu ya daidaita. Tazarar da ke tsakanin 60 da 12 ita ce labarin. Mutum ya sani, amma yana shan magani ne ranar da kansa ya yi ciwo, ya ajiye in ya ji dama. Wani yana gudun ƙwayar saboda an ce in ka fara ba ka dainawa, wani saboda raɗe-raɗin da maza ke yi a majalisa game da iyali, maimakon ya gaya wa likita a canza masa wata. A 2020 aka fara wani shirin kula da hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko guda 60 a Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji, wanda tsarinsa ya yi kama da na China. Ba sai an samu takardar ganin ƙwararre ba kafin a fara.

Ga wanda gigin tsufa ya yi masa nisa a tunani, ga abin da ya fi kusa. Binciken SIREN, wanda ya kwatanta masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 da masu lafiya a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya ɗora kusan kashi 91 na alhakin cutar a kan hawan jini. Matsakaicin shekarun waɗanda ta kayar 59 ne. Saura shekara ɗaya ritaya.

Wannan binciken na 2018 ya kuma gano cewa waɗanda ba sa cin ganye kullum sun ninka masu ci fiye da sau biyu wajen haɗarin shanyewar jiki, haka masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa sun fi shiga haɗari. A nan Filato ta fi kowa gata. Daga kasuwar Farin Gada ake lodin kabeji da karas da latas da koren wake zuwa Abuja da kudancin ƙasar nan, kuma gwaten acca da ake cika shi da alayyafo da yakuwa da gauta ya cika kusan duk sharuɗɗan da masana abinci ke jerowa da sunaye masu tsada. Matsalar tana cikin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya wuce giram biyar a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokali, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku-uku a miya galibinsa gishiri ne. Sai kuma abin da masu shirin komawa Jos ba su cika sani ba: sanyi na ɗaga jini. Awon watan Afrilu ba ya wakiltar na Disamba.

Barci, kunne da ido

A 2021 Dokta Séverine Sabia ta duba barcin kusan ma'aikatan Whitehall 8,000 da aka bi shekara 25. Waɗanda suka dawwama a kan barcin awa shida ko ƙasa da haka a shekara 50 da 60 da 70 sun fi masu awa bakwai kamuwa da cutar da kashi 30. Ba a tabbatar ko ƙarancin barcin ne ke jawo cutar ba, ko kuwa cutar ce ke fara ɓata barci tun kafin ta bayyana. Amma a lissafa wa mai fitowa daga Masaka ko Mararaba ko Suleja, wanda ke barin gida kafin gari ya waye don ya tsere wa cunkoson Nyanya, ya koma bayan isha'i, ya kuma buɗe waya. A lissafa wa hadimin da ba ya tafiya sai maigida ya sallami baƙon ƙarshe da ƙarfe ɗayan dare, da direban da ke jiran su duka a mota. Darasin Whitehall na farko bai tsufa ba: wanda ba shi da iko a kan lokacinsa shi aiki ya fi ci.

Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, ya tattara hujjojin duniya a 2024 ya ce abubuwa 14 da za a iya gyarawa su ke da alhakin kusan kashi 45 na gigin tsufa. Akasarinsu sanannu ne: hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, taba, giya, zaman wuri ɗaya, ciwon damuwa, buguwar kai, ƙarancin karatu tun yarinta, kaɗaici, gurɓatacciyar iska. Wannan ta ƙarshe ta haɗa da hayaƙin janareta a bayan taga, da kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa a sanyin Jos. Biyun da suka fi kowanne nauyi, kashi bakwai-bakwai, su ne mugun kitsen jini da kuma wanda ba a zata ba, wato raunin ji. Kunnen da ya yi nauyi yana tilasta wa ƙwaƙwalwa aikin cike gurbin kalmomi, yana kuma janye mutum daga hira. Dattijon da ya daina magana a taro, ake cewa ya zama mai shiru-shiru, wataƙila ba ya jin abin da ake faɗa ne. Gwajin da aka yi a Amurka da na'urar ƙara ji a kan mutum 977 bai nuna bambanci a kan kowa da kowa ba, amma a rukunin da ya fi rauni ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 48 cikin shekara uku. Na sha huɗun shi ne raunin gani da ba a yi maganinsa ba, irin yanar ido da aikin ƙasa da awa ɗaya ke cirewa.

Batun mata yana buƙatar a tsaya a kansa. Sun fi maza tsawon rai, don haka sun fi kaiwa shekarun cutar. A ganina akwai ƙari a namu yanayin: gwauruwar da ke ci bayan kowa ya ci, wadda ba ta da fansho, wadda ba wanda ya taɓa auna jininta tun haihuwarta ta ƙarshe. Idan ta fara sambatu ko fita da asuba ba ta san inda ta nufa ba, a wasu gidajen a ce aljanu, a wasu unguwannin a ce mayya. An sha jin tsofaffin da matasa suka yi wa rubdugu a kan haka. Ma'aikacin da ke aika wa mahaifiyarsa kuɗi duk wata, ya aika da na'urar awon jini da wanda zai riƙa karanta ta.

Kasuwar tsawon rai

Inda akwai tsoro akwai ciniki. Ana bin ofisoshi da jakunkuna cike da ƙwayoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, ana sayarwa bashi zuwa ƙarshen wata. Ganyen ginko, wanda ya fi shahara a cikinsu, an gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon 2008 ya nuna bai hana komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a ba da shawarar shan bitamin B ko E ko man kifi ko haɗakar bitamin don rigakafin wannan cuta. Attajirin nan na Amurka, Bryan Johnson, mai kashe dala miliyan biyu a shekara don kada ya tsufa, ya karɓi ruwan jinin ɗansa a 2023 ya dawo ya ce bai ga amfani ba, ya kuma daina shan rapamycin saboda illolinsa. Hatta maganin gaske, lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, jinkirta cutar Alzheimer kawai yake yi da kashi 27 cikin wata 18, a kan dala 26,500 a shekara, da ƙarin ruwa duk mako biyu da hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai saboda haɗarin kumburi. Ingila ta ƙi saye wa asibitocin gwamnatinta shi.

Labaran garuruwan da ake cewa mutanensu na haura ɗari su ma sun sha suka. Dokta Saul Newman na Kwalejin Jami'ar Landan ya nuna cewa irin waɗannan tsofaffi sun fi yawa a inda takardun haihuwa ba su da inganci, talauci ya yi yawa, ake kuma karɓar fanshon matattu. A 2010 Japan ta binciki rajistarta ta rasa inda sama da mutum 230,000 da aka rubuta sun haura ɗari suke. Mu da muka san takardar rantsuwar shekaru ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin lura kawai, duk lambobin da aka ambata a sama, 45 da 50 da 59, shekarun haihuwa ne. Jijiyar jini ba ta karanta fayil.

Motsa jiki fa? A nan masana ba su haɗu ba. Whitehall, a 2017, bai ga cewa motsa jiki a tsakiyar rayuwa ya rage cutar ba, ya dai ga cewa masu ita kan rage motsi har shekara tara kafin a gane. Wani babban nazari a 2025 kuma ya ce masu taku 7,000 a yini sun fi masu taku 2,000 tsira daga gigin tsufa da kashi 38. Gwajin Finlan na 2015 da na Amurka na 2025, waɗanda suka haɗa motsa jiki da gyaran abinci da wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini, sun sami riba 'yar kaɗan amma tabbatacciya. Ko da gardamar ba ta ƙare ba, tafiya a ƙafa na sauke jini da sukari, kuma wannan ya isa dalili.

Ranar da aka miƙa makullin ofis

Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya shiga yana ɗan 22 zai fita yana 57, darakta kuma wa'adinsa shekara takwas ne a kujerar. A 2018 masu binciken Whitehall suka kwatanta tunanin ma'aikata 3,433 kafin ritaya da bayanta. Ƙarfin tuno kalmomi ya riƙa raguwa da saurin da ya ƙaru da kashi 38 bayan barin aiki, ko da an cire tasirin shekaru. Babban muƙami yana ba da kariya muddin mutum na kan kujera, amma da ya sauka kariyar ta tafi, shi da akawunsa suka koma gangarowa da gudu ɗaya. Waya ta daina ƙara, fayil ya daina zuwa, masu gaisuwar safe sun koma ƙofar magaji.

Al'adarmu tana da maganin wannan a hannu: majalisar ƙofar gida, sahun masallaci sau biyar, zumuntar coci, makarantar manya ta dare, sulhunta dangi, jikoki. Sai dai waɗannan ba sa zuwa da takardar sallama. Wanda ya yi shekara talatin a Gwarinpa bai san sunan maƙwabcinsa ba, ba zai same su a gidan da ya kewaye da doguwar katanga a Rayfield ba. Jos kanta ta san tsadar wannan. Rikice-rikicen Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 sun raba unguwanni bisa addini, gobarar 2002 ta cinye babbar kasuwar Terminus inda kowa ke haɗuwa da kowa. Dattawan da suka yi aikin kuza ko na jirgin ƙasa tare, suka yi shekara arba'in suna zuwa sunan 'ya'yan juna, sun wayi gari ziyara ta zama abin shawara. Ana lissafa rayuka da gidajen da aka rasa, ba a cika lissafa wannan ba.

Gwamnati ta fara waiwayar tsofaffi. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, kuma hukumar PenCom na tantance ma'aikatan tarayya shekara guda kafin su yi ritaya. Duk waɗannan suna samun mutum ne a bakin ƙofar fita, shekara goma bayan lokacin da Whitehall ya nuna ana yin ɓarnar. Wurin da ake tara ma'aikata masu shekara arba'in da hamsin a zaure ɗaya duk shekara shi ne jarrabawar ƙarin girma, sai kuma kwasa-kwasai irin na Kuru. Tebur ɗaya a bakin zauren, da ma'aikaciyar jinya da na'urar awon jini da gwajin ji na minti biyar, kuɗinsu bai kai na shayin da ake rabawa a taron ba.